Kunnuwan da Gwaggo Ta Bari

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu tafiya. Ina kan hanyar dawowa daga Kukawa da jakunan kanwa aka yi rasuwar, don haka ban samu jana'iza ba. A kan kogi na ji, a bakin mai fito. Ruwan bana ya cika har ya shanye hanyar ƙauyenmu ta wajen Baturiya, sai da na bar jakuna a hannun abokan tafiya na shiga kwalekwale. Muna tsakiyar ruwa mutumin ya yi mini gaisuwa, a zatonsa na sani. Da ya ga ban sani ba sai ya dakata da tuƙi ya ba ni haƙuri. Can kuma ya ce shi ma ya baro ɗa da mura a gida, bai san inda zai kai shi ba in abin ya hau kunne.

Na zauna a gidan makoki da yawa, daga nan Haɗeja har Gwanja. Na san kukan rashi, na san na ganin ido, na ma san na wadda hayaƙin murhu ya taimaka wa. Amma irin zaman da na tarar a gidan Gwaggo ban taɓa ganinsa ba. Da yake ni ɗan gida ne na wuce zaure na shiga ciki. Mata sun cika tsakar gida, kowace da goyonta, kuma kukan kaɗan ne. Da yaro ya ɗaga hannu zai sosa kai, sai ka ga uwar ta cafke hannun ta leƙa kunnen. Wata ta taso tun daga Kafin Hausa da ɗanta yana tsala ihu, ba ta san an yi rasuwa ba. Ta yi gaisuwa ta zauna, ta kasa tashi, don ba ta san inda za ta nufa ba. Wata Bafulatana da ta saba kawo wa Gwaggo nono ta ajiye ƙwaryarta tana ta tambayar mutane ko tsohuwar ta bar wa wani. Kowa ya san ba ta bari ba.

Bari in yi bayani don waɗanda ba 'yan bakin kogi ba. A wajenmu, in ruwa ya cika, yara a cikinsa suke yini. Su kwaso mura, murar ta hau kunne, yaro ya yi ta kuka yana jan kunnen, jiki zafi kamar kasko. Wani ya warke, wani kunnen ya fashe ya yi ta zubar da mugunya, wani ya kurumce, wani kuma a rasa shi. Gwaggo ce mai kunnen yara a duk faɗin fadamar nan. Kuma abin da muka taso muka tarar shi ne, ba a taɓa kunnen ɗan wani sai da laƙani. Wanda ya taɓa ba shi da shi, ciwon zai bar ɗan mutane ya koma kan nasa 'ya'yan. Laƙanin kuwa raɗa shi ake yi, daga baki zuwa kunne. Gwaggo ba ta yi jinya ba. Ta idar da sallar walaha, ta zauna za ta shiɓa auduga, ta jingina da bango, shi ke nan. Ba ta raɗa wa kowa komai ba.

Ban gama gaisawa da mutane ba uwar 'ya'yana ta ja ni bayan rumbu. Ta ce autarmu ba lafiya. Yarinyar ko famfara ba ta yi ba. Ta yi wasan ruwa da mura a jikinta, kunnen hagu ya kama, an shirya kawo ta wurin Gwaggo ke nan aka yi rasuwa. Yanzu na hagun ya fashe yana zuba, na daman kuma ya fara. Ta ce ta kira ta daga bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. Tana faɗa tana kallon ƙasa, kamar ita ta yi laifin.

Na tsallake dajin da ake tare fatake, na kwana inda kura ke shinshina ƙafar mutum, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

To, da wannan tsoron a cikina nake wannan rubutu, don kada a manta da ita, kuma don kada a manta da yadda take yi.

Gajeriya ce Gwaggo, ga faɗa, ga goro. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Ƙafar Jaki. Duk sanda na dawo daga fatauci sai ta tambaye ni ko na gano ƙarshen duniyar, in na ce tukuna sai ta ce in koma, wataƙila saura kaɗan. Wata shekara na kawo mata wani mai a 'yar kwalba daga Barno, mai sayarwa ya rantse mini ɗigo ɗaya ke raba yaro da ciwon kunne. Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta sa mini albarka mai tsawo. Washegari na tarar tana shafa shi a fason ƙafarta. Ta ce wallahi ya yi, Allah ya ƙara kai ni Barno.

Aikinta ba wani ɓoyayye ba ne, a tsakar gida take yi kowa na gani. In kunne bai fashe ba, sai ta soya yashi mai tsabta a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta fara ɗora wa kumatunta, in ya yi daidai ta ɗora wa yaro. Ta sa uwa ta ɗaga masa kai in zai kwanta, ta yi ta ba shi ruwa da kunu, ta share masa hanci. Takan ce hanci da kunne gida ɗaya suke, katanga ce kawai tsakani. Mai goyo kuwa, in ta ga tana ba da nono yaro na kwance shame-shame, sai ta ɗaga shi da kanta ta zaunar a cinyar uwar.

In kuwa ya fashe, sai ta wanke hannu, ta ɗauko audugar da ta gurza da kanta, ta murza ta siririya kamar lagwanin fitila. Ta sa a bakin kunnen a hankali, ta jira ya sha, ta zare, ta jefa a wuta, ta murza wani. Haka za ta yi ta yi har lagwani ya fito a bushe. Safe, rana, yamma. Ba tsinke, ba gashin kaza, ba a zuba komai, ba a toshewa. Sannan ta ɗaura wa yaron jan zare a wuyan hannu. Duk babban da ya ga mai jan zare a bakin ruwa, masunci ne ko mai wanki, yana da izinin kora shi gida da tsumagiya. Ni ma na sha ɗaurin nan ina ƙarami, kuma na sha tsumagiyar.

Tana aikin bakinta na motsi, shi ne mutane suka ce laƙanin. Me take cewa? Allah masani. Waɗanda suka matsa kusa da bakin nan nata har su iya ji, duk masu toshasshen kunne ne.

Babban faɗanta da ƙanin mijinta ta yi, wanzami. Wata mata ta kai masa ɗanta ƙudaje sun dame shi, shi kuma ya narka kakin zuma ya liƙe kunnen. Da ciwo ya yi tsanani aka kawo wa Gwaggo. Ta ciro kakin, ta gyara yaro, ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Ta tarar yana yi wa wani mai kifi aski, ya kai rabin kai. Ta zauna a kan zabirarsa, inda dutsen wasa aska da sauran kayan suke. Ya roƙa, ya yi wasa, ya ce matar yaya ai ba ta yi wa miji haka a gaban jama'a. Ta ce ba za ta tashi ba sai ya rantse ba zai ƙara taɓa kunnen yaro ba sai in ita ta aika. Askarsa ta dakushe, mai kifi na zaune da rabin kai rana na dukansa, kifinsa na ɗoyi. Daga ƙarshe mai kifin ne ya roƙe shi ya rantse. Ya rantse, kuma ya riƙe. Har yau da ya tsufa yana zaune a zauren makoki, na tambaye shi ko zai duba mini auta, sai ya ce matar nan ba ta aiko ba.

Abu biyu take tsoro, kuma ba ta ɓoye tsoronsu. Kowace safiya takan shafa bayan kunnen yaro da babban yatsa. In wurin ya kumbura ya yi ja har ya turo kunnen gaba, fuskarta kan canja. Nan ne kawai take aika wa wanzamin, in kumburin ya nuna. Na biyu, takan sa yaro ya sunkuyar da kai ya kalli cibiyarsa. In wuya ya sanƙare ya ƙi lanƙwasuwa, ba ta yi wa uwa ƙarya. Na ga wannan sau ɗaya. Ɗan wata baƙuwa ne da mijinta ya tafi kamun kifi bai dawo ba. Gwaggo ta gwada wuyan, ta sake gwadawa, sannan ta ce wa uwar, "Yarinya, wannan ya fi ƙarfin hannuna. Zauna nan kusa da ni, kada ki zauna ke kaɗai." Yaron bai kai yamma ba. Matar kuwa a ɗakin Gwaggo ta ƙare daminar, tsohuwa na ɗebo mata ruwa tana mata faɗa a kan rashin cin tuwo.

Yadda aka yi ta shiga wannan aiki, mahaifina ne ya ba ni labari, ita ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Kun san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta masa magana a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Gwaggo 'ya mace ta fara haifa, da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, ɗaki na kallon ɗaki. Yarinya ta tasa, bakinta ya buɗe da surutu, sai kunnuwanta biyu suka kama a wata shekarar ambaliya. Kakar ta yi abin da ta sani. Ta soya man shanu ta zuba da zafinsa, ta toshe da tsumma, kullum haka. Gwaggo na bakin turmi tana daka, tana jin ihun 'yarta, hankalinta na gaya mata abin nan ba daidai ba ne. Amma yarinya ce, ga uwar miji, ga 'yar fari. In ta ɗaga kai ma za a ce ba ta da kunya. Mahaifina ya ce ya zo gidan a lokacin, ya ga ta daka gero har ya wuce gari ba ta sani ba. Yarinyar ta rayu. Ba ta sake jin komai ba.

Daga nan Gwaggo ta bi wata tsohuwa a wani ƙauyen masunta ta koyo abin da ta koyo. Kuma abin mamaki, ba ta bar kunyar ba. Har ta koma ga Allah ban ji ta kira sunan 'yar nan ba. Sai dai duk yaron da aka kawo, sai ta ce wa duk wanda ke kusa, a taɓo waccan ta zo ta riƙe kan. Waccan ta zo ta zauna, gwiwarta na gugar ta uwarta, ta riƙe kan yaro. Tun tana budurwa, har ta yi aure a maƙwabta, har ta yi jikoki. Ba su kallon juna. Hannuwansu ne kawai ke haɗuwa a kan kunnen ɗan mutane.

Ita ce taubashiyata, 'yar gwaggo da ɗan kawu, don haka tun muna yara muke tsokanar juna. Da hannu muke yi. Sunana a wurinta shi ne ta sa yatsu biyu a kai ta yi kunnen jaki. Tana magana jifa-jifa, da 'yan kalmomin da ta riƙe tun yarinta, da wata murya mai kauri da ba ta san ƙarfinta ba. A zaman makokin nan ba wanda ya kawo ta a rai. Yaya za a raɗa wa kurma laƙani? Kuma yaya uwa za ta kai baki kunnen 'yar fari?

Washegarin isowata da hantsi na dawo gida daga zaure, na ji ƙamshin man shanu da tafarnuwa. Surukata ce, uwar matata, ta iso daga Kaugama don gaisuwa, ta ga halin da jikarta ke ciki. Ta ce ita kaka ce, laƙani bai shafe ta ba, kuma a garinsu haka ake yi. Ta ɗora kasko a wuta. Baiwar Allah ce, ƙaunar yarinyar ce ta sa. Matata na tsaye jikin bango ta kasa buɗe baki a gaban uwarta. Ni kuwa suruki, ko hanya muka haɗu da matar nan kaucewa nake in durƙusa. Na tsaya a bakin zaure takalmi a hannu, ina jin man na ƙara a kasko, ina jin auta na nishi a ɗaki. A nan na gane abin da Gwaggo ta ji a bakin turmi.

Mutum ɗaya ce a duniya da ba kunya tsakanina da ita. Na ruga gidan makoki ba takalmi.

Na same ta a ɗakin uwarta, ita kaɗai, bakan shiɓa a cinyarta. Na yi mata alamar ƙaramar yarinya, na nuna ƙirjina, na karkata kai, na yi kamar ina tsiyaya abu a kunne, na yarfa hannu alamar zafi. Ta miƙe. Sai ɗanta ya sha gabanta a bakin ƙofa. Mutum ne mai hankali, masunci, 'ya'yansa ƙanana. Ya ce mini, Kawu, ka yi wa Allah, ka san ba ta da laƙani, in ciwon ya baro taka kan nawa zai sauka. Ba zan ce bai yi gaskiya ba, ni ma a kan haka na tashi. Ya juya ya yi wa uwarsa bayani da hannu, ya nuna 'ya'yansa da ke wasa a gindin rumbu.

Ta daɗe tana kallon jikokin nan. Na tambaye ta da alama ko Gwaggo ta taɓa gaya mata wani abu. Ta ja kunnenta ta yi wata dariya marar daɗi. Sannan ta cusa auduga a bakin zane, ta ture hannun ɗanta ta wuce.

Mun iso surukata ta sauke kasko tana fifita shi da mafici, ta sa matata ta kwantar da auta a kan cinya. Taubashiyata ba ta yi sallama ba. Ta ɗauki kaskon ta juye a toka. Surukata ta yi faɗa, faɗa mai kyau, irin wanda ya kamata a ce an saurara, sai dai ta yi wa wadda ba ta ji. Da ta gaji ta juyo kaina, ni kuma na durƙusa na yi ta cewa a yi haƙuri, kaina a ƙasa, zuciyata na yi wa Allah godiya.

Taubashiyata ta wanke hannu. Ta shafa bayan kunnen da babban yatsa, hagu da dama. Ta nuna wa yarinya cibiyarta ta sa ta sunkuya. Wuyan ya lanƙwasu. Sannan ta murza lagwani, kuma wallahi da an rufe fuskar da sai in rantse hannun Gwaggo ne. Bambancin ɗaya, bakinta a rufe yake ruf. Ta ɗaga ido tana neman mai riƙe kai. Matan da suka biyo mu suka ja da baya. Ni na zauna na riƙe.

Kada wani ya ɗauka daga nan hankali ya kwanta. Zazzaɓin bai sauka nan da nan ba. Kunnen hagu ya yi ta zuba, na dama na ɗaukar yashi mai ɗumi. Kowace safiya in babban yatsan nan ya nufi bayan kunne, sai in kau da kai in kalli fuskar taubashiyata, don a can zan fara ganin labari. Ana cikin haka ƙaramin jikanta ya tashi da mura. Gari ya ɗauka. Ɗanta ya daina gaishe ni. Mata suka riƙa wucewa ta ƙofar gidansa a hankali suna kasa kunne. Ita kuwa ta yi ta zirga-zirga tsakanin gida biyu, ta share wa wancan hanci, ta zo ta murza wa wannan auduga, ta rame ta yi zuru-zuru. Har yau da nake rubutun nan yaron na jan hanci, kunnensa dai lafiya, kuma ba wanda ya daina kallonsa. Ni ma ina kallo.

Zafin jikin auta ya sauka, lagwani ya fara fitowa a bushe, amma ba ta amsa kira. Uwarta ta hana a gwada, ta ce ba za ta iya ganin an kira ta ba ta juyo ba. Muka koma yi mata magana ta gaba, tana kallon bakinmu, kowa na yin kamar bai lura ba.

Jiya da safe muna zaune a inuwar katanga, yarinya na kwance a cinyar taubashiyata ana duba na hagun. Ruwa ya fara ja, makiyaya na ƙetarar da shanu can bayan gari, ba a ganinsu daga gidanmu. Wani makiyayi ya ɗaga murya ya yi irin kiran nan nasu mai tsawo. Auta ta ɗago kai. Ta juya kunnen dama wajen katanga, ta tsaya cak.

Ni da uwarta ba wanda ya motsa. Taubashiyata ta dubi yarinyar, ta dubi katanga, ba ta ga komai ba. Ta kama hannun rigata ta ja, da muryar nan tata mai kauri ta ce, "Me ta ji?"

Na ɗora hannu biyu a kai na yi mata alamar ƙahon saniya.

Ta gyaɗa kai. Ta juya yarinyar a hankali, ta ɗauki auduga ta ci gaba da murzawa, don na hagun bai gama ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya sa a inda ta je ba ruwan kowa da kunya, ranar da 'yarta ta iso ta kira ta da sunanta, ita kuma ta ji.